Bireka ba ta faɗi ba, moto ya ƙone: amsa ga mai injin niƙa a Agege

Wani Alhaji mai injin niƙa a Agege ne ya aiko da tambaya. Moton lantarkin da ke juya injinsa mai layin wuta uku ne, mai ƙarfin doki 10, kuma sau biyu ke nan yana ƙonewa cikin shekara guda, kowane karo sai an kai shi wurin masu riwayin, wato masu sake naɗa wayar cikin moto. Da farko bireka, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa in ta yi yawa, mai amfiya 32 ce a kai, tana yawan faɗuwa in an zo tada injin, sai mai gyaran wuta ya cire ta ya sa mai 63. Tun daga nan ba ta ƙara faɗuwa ba, har ranar da hayaƙi ya tashi. Ya kuma ce da damina yaron da ke niƙa yakan ji wuta na ɗan jan sa in ya taɓa jikin injin. Yana so ya san abin da zai saya ya huta.

Alhaji, sannu da wannan asara, Allah ya mayar da alheri. Maganar yaron nan ita ta fi gaggawa: a kashe injin, kada a sake tada shi sai an gano inda wutar ke zuba. Zan zo kanta. Game da ƙonewar kuwa, birekar da ke bangonka ba moton take gadi ba. Waya take gadi, shi ma sai in an zaɓe ta daidai da kaurin wayar. Moto ta hanyoyi daban-daban yake mutuwa: ko aiki ya fi ƙarfinsa, ko wayoyi su haɗe, ko wuta ta zuba a jikin ƙarfensa, ko layi ɗaya cikin ukun ya ɗauke. Kowace hanya da abin da ke tare ta, kuma a wurinka ɗaya kaɗai aka tare, ita ma ba da kyau ba.

Je ka duba ɗan farantin ƙarfen da ke manne a jikin moton, don duk lissafin daga nan yake farawa. Doki 10 shi ne kilowat 7.5, kuma a wuta mai bolt 400 irin wannan moton wajen amfiya 15 yake ja in yana cikakken aiki. Lokacin tashi yakan ja ninki 6 zuwa 8 na wannan, wato 90 zuwa 120, na 'yan daƙiƙoƙi, sannan ya sauko. Abin da ya riƙa kayar da birekarka ta farko ke nan. To yanzu a ce an cika wa injin hatsi, moton yana jan 22 tun safe har azahar. Cikinsa yana dahuwa, amma a wurin bireka mai 63 wannan kusan kashi ɗaya cikin uku ne na abin da aka yi ta ta ɗauka, ba ta da dalilin motsawa. Ko da injin ya cije ya tsaya cak yana jan 100, sai ta ɗauki mintuna kafin ta faɗi, alhali moton da ya cije cikin daƙiƙoƙi kaɗan yake soma lalacewa. Jaki in an labta masa kayan da suka fi ƙarfinsa durƙusawa yake yi, mai shi ya gani ya rage. Moto ba ya durƙusawa, ƙara jan wuta yake yi don ya riƙe gudunsa har ya kashe kansa.

Zafi ne ke kisan. Wayar jan ƙarfen da aka naɗa a ciki tana da ɗan siririn rufi na banish, shi ne ya raba kowane zagaye da maƙwabcinsa. A farantin za ka ga harafin ajin wannan rufi: B yana jure digiri 130, F 155, H 180. Ƙa'idar da muke aiki da ita ita ce duk ƙarin digiri 10 a kan iyaka yana rage rabin shekarun rufin. Shi ya sa moto bai cika mutuwa ranar da aka zalunce shi ba. Banish ɗin yana bushewa yana tsattsagewa a hankali, sai wata rana da ba a yi masa komai ba ya tashi da hayaƙi, kowa ya ce haka kawai.

Abin da aka yi don wannan shi ne obalod, wanda ake ɗaurawa a ƙarƙashin kwantakta, wato makunnin da ke ba moto wuta ya kuma yanke ta. A cikinsa akwai 'yan ɓallayen ƙarfe uku, ɗaya ga kowane layi, kowanne an haɗa shi da ƙarfe iri biyu da ba sa miƙewa daidai in sun ji zafi. Wutar moton ta jikinsu take bi. In ta yi yawa sai su ɗumama su lanƙwashe, su buɗe ɗan makunnin da aka rubuta wa 95 da 96, kwantakta ta saki, moto ya tsaya. Da yake shi ma da zafi yake aiki, yana haƙuri da jan wutar tashi na ɗan lokaci, amma ba ya haƙuri da ƙaramin ƙarin da ya daɗe. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta IEC 60947-4-1 ta ce in wuta ta wuce saiti da kashi 5 cikin 100 kada ya faɗi cikin awa 2, in ta wuce da kashi 20 dole ya faɗi kafin awa 2 ta cika. Wanda aka rubuta wa aji 10 zai faɗi cikin daƙiƙa 10 in moto yana jan ninki 7.2, aji 20 kuma cikin daƙiƙa 20. Aji 10 ya ishi yawancin injinan niƙa muddin ana tada su babu hatsi a ciki. Mai nauyin juyi da ke daɗewa bai kai gudu ba shi ake nema wa aji 20.

Naka ka nemi mai zangon amfiya 12 zuwa 18, a juya saitin a tsayar da shi daidai kan lambar da ke farantin, ba sama da ita ba. In fanel ɗinka, wato akwatin da ake tada moto daga gare shi, sita-delta ne (mai fara haɗa naɗin moto a tsarin sita sannan ya mayar da shi tsarin delta don rage jan wutar tashi) kuma obalod ɗin yana ƙarƙashin babbar kwantakta a kan wayoyin da ke shiga naɗin, to kashi 58 cikin 100 na lambar ake sawa, wato wajen 8.7, kuma obalod mai ƙaramin zango za a saya. Wannan wurin masu gyara da yawa suke ɓata aiki: su sa 15 a inda 8.7 ya kamata, obalod yana nan ana ganinsa amma ba zai taɓa faɗuwa a kan lokaci ba. Maɓallin mayarwa kuma a bar shi a kan na hannu. In aka sa shi ya riƙa mayar da kansa, moto zai yi ta tashi yana faɗuwa da zafinsa, kuma yana iya tashi hannun mutum na cikin bel.

Abin da ya fi ba ni takaici a shagunan 'yan'uwanmu, daga Agege har Mile 12, shi ne in buɗe fanel in tarar da ɗan guntun waya an haɗa 95 da 96. Na san yadda ake kaiwa nan. Mata sun yi layi da robobinsu, obalod ya faɗi sau biyu, mai gyara ya ga hanya mafi sauri. Amma obalod da ya faɗi labari yake ba ka. A sa mitar da ake maƙalawa a waya a auna layukan uku injin na aiki. In duk ukun sun wuce lambar farantin, a duba ko ana zuba hatsi fiye da kima, ko faifan niƙa an matse su da yawa, ko bel ya yi tauri, ko boris ya soma ci, ko wutar ce ta yi ƙasa. Wutar da ta yi ƙasa mugun abu ce ga moto, don ƙarfin juyinsa yana raguwa fiye da yadda wutar ta ragu: in ta sauka da kashi 10, ƙarfin ya sauka da kashi 19, sai ya ƙara jan amfiya don ya cike giɓin. Ƙasa da bolt 360 tsakanin layi da layi ban yarda a yi niƙa ba.

Akwai zafin da obalod ba ya gani ko kaɗan, kuma a gidan niƙa ya fi yawa. Gari yana cika tsagogin bayan moto, ya toshe ragar fankar baya, laimar Legas ta mayar da shi kamar siminti. Amfiya tana nan daidai amma iska ba ta ratsawa. An ƙera moto ne a kan zafin wuri da bai wuce digiri 40 ba, kuma shagon kwano marar taga da rana tsaka yana iya wuce haka. Buroshi da share jikin moto kullum da yamma suna yin aikin da babu na'urar da za ta yi maka. In moton yana da 'yan wayoyi biyu sirara a akwatinsa na ma'aunin zafin da aka binne cikin naɗin, a haɗa su da nasu rile, wato ɗan na'urar da ke sa kwantakta ta saki, kada a bar su a lanƙwashe.

Sai ɗaukewar layi ɗaya, wanda ni a ganina shi ya fi cin motoci a garin nan, kuma ina kyautata zaton yana cikin abin da ya same ka. Fis ɗaya ya ƙone a taransifoma, ko waya ta saki a kan fol, ko haƙori ɗaya na canjoba, makunnin sauyawa tsakanin wutar gari da janareto, ya yi sako-sako. Moton da ke gudu ba ya tsayawa. Yana ci gaba a kan layi biyu da wani gurnani, kuma layukan da suka rage kowanne yana ɗaukar kusan ninki 1.7, wato 15 ta koma wajen 26. Ko birekarka ta farko mai 32 ba za ta ji wannan ba. In kuma a tsaye yake aka danna masa, ba zai juya ba, sai dai ya yi ta gunji yana shan wuta. Ko layin bai ɗauke gaba ɗaya ba, rashin daidaito tsakanin ukun ma ɓarna ne. Ka san yadda ake yi a unguwa: layi ɗaya na yin rauni kowane gida sai ya zare fis ɗinsa ya mayar kan wanda ya fi haske, nan da nan wancan ma ya durƙushe. Bambancin kashi 3.5 cikin 100 a bolt yana ƙara zafin naɗi da kusan kashi 25, kuma in ya kai kashi 5 bai kamata moto ya yi aiki ba sam.

Ka tambayi mai riwayin yadda ya tarar da cikin moton, in ma ya ɗauki hoto ya nuna maka, don naɗin da ya ƙone yana faɗin abin da ya kashe shi. In duka ya yi baƙi bai ɗaya, aikin da ya fi ƙarfinsa ne ko ƙarancin wuta ko rashin iska. In kashi ɗaya cikin uku ya ƙone sauran suna da kyau a moton da aka haɗa delta, ko kashi biyu suka ƙone ɗaya ya tsira a wanda aka haɗa sita, layi ne ya ɗauke. In kuma wuri guda ne ya fashe, sau da yawa a bakin ramin da waya ke fitowa daga ƙarfe, rufi ne ya huje, wuta ta sami jiki ko ta sami maƙwabciyarta.

Maganin wannan ɗan rile ne mai lura da layuka uku, bai fi tafin hannu ba, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin riwayin ɗaya ba. Yana sakin kwantakta in layi ya ɗauke, in wuta ta yi ƙasa ko ta yi sama, in bambancin ya yi yawa, ko in jerin layukan ya juye. A sa iyakarsa ta ƙasa wajen 360, ta sama wajen 440. Batun juyewar jeri yana da muhimmanci ga duk mai janareto, don in ba a daidaita jerinsa da na wutar gari ba, ana juya canjoba injin zai koma baya. Janareton kansa in ya yi ƙanƙanta, wutarsa faɗuwa take yi lokacin tashi, moto ya daɗe yana ja bai kai gudu ba. Moton da ake tadawa kai tsaye yana son janareto mai ƙarfin da ya ninka nasa sau 2.5 zuwa 3. Ita ma kwantakta kariya ce: wuta na ɗaukewa take saki, kuma ba ta komawa sai mutum ya danna. Injin da aka haɗa da wuƙar canjoba ko bireka kawai, wuta na dawowa yake zabura ko da wa ke kusa. A sayi kwantakta da lambarta ta AC-3, ita ce ta moto. Mai amfiya 18 ita ce daidai kilowat 7.5, ni kuwa a wuri mai ƙura da zafi na fi son a hau zuwa 25.

Haɗewar wayoyi ita ce aikin bireka na gaskiya. Nan ba maganar amfiya 20 ko 30 ake ba, ɗaruruwa ne ko dubbai cikin ƙiftawar ido, kuma obalod ba ya iya yanke irin wannan, shi da kwantakta narkewa za su yi. Harafin da ke gaban lambar bireka shi ke faɗin inda take faɗuwa nan take: B daga ninki 3 zuwa 5, C daga 5 zuwa 10, D daga 10 zuwa 20. In taka ta farko B32 ce, tana iya faɗuwa tun daga amfiya 96, ka ga wutar tashi ta isa ta kayar da ita. Harafi ya kamata a canja, ba a ninka lamba ba. C32 ko D25 kan ɗauki tashin moto irin naka in babu kaya a cikin injin. Mafi sauƙi ma a sa birekar moto, wadda ake rubuta wa MPCB, mai zangon 13 zuwa 18: ta haɗa obalod da kariyar haɗewar waya a jiki ɗaya. A duba lambar ƙarfin yankewarta, 6kA ko 10kA, wato amfiya dubu 6 ko dubu 10, musamman in shagon yana kusa da taransifoma. Mai 63 ɗin nan kuma haɗari ce ga shagon kansa, don in wayarka mai milimita 4 ce, za ta yi zafi ta narke rufinta birekar ba ta ce komai ba. Fis da aka ɗaure da zaren waya shi ma haka.

Yanzu ga maganar yaron. Jan da yake ji yana nufin wuta ta riga ta sami hanya daga naɗi ko daga akwatin haɗi zuwa jikin ƙarfen, kuma jikin ba shi da hanyar kirki zuwa ƙasa, sai ta bi ta jikinsa. Damina ce ke tono shi saboda banish da ya tsattsage yana shan laima, ga ƙasan shago a jiƙe, ga ƙafa ba takalmi. Wajen miliamfiya 10 (miliamfiya kashi ɗaya ce cikin dubu na amfiya) hannu yake soma kasa sakin abin da ya riƙe, daga 30 zuwa sama kuma numfashi da zuciya ke shiga haɗari. Miliamfiya 30 ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu biyu na amfiya 63 ba. Babu irin wannan birekar ko obalod da zai san ana yi. Abin da yau yake ɗan ja, ranar da rufin ya ƙarasa hujewa bolt 230 ne cur a jikin injin.

A cire wayoyin moton a gwada shi da mega, na'urar auna lafiyar rufin waya, a kan bolt 500, tsakanin kowane naɗi da jiki. Ƙasa da megaom 1 kada a kunna. Moto mai lafiya gomomi ko ɗaruruwa yake nunawa. In laima ce kawai, a busar da shi da ɗumi a hankali a sake aunawa. In bai tashi ba, naɗin ya tafi. A duba akwatin haɗin ma, sau da yawa murfinsa ya ɓace, ko waya ta goge a bakin rami don ba a sa mata abin riƙewa ba. A shigo da wayar ta ƙasa don ruwa kada ya bi ta ya gangara ciki. In za ka sake moto, nemi wanda aka rubuta wa IP55, alamar cewa yana jure ƙura da feshin ruwa.

Sannan a ja wayar atin, mai launin kore da rawaya, daga jikin moto da jikin injin da fanel zuwa sandar da aka kafa a ƙasa, a ɗaure da noti, ba a murɗa da hannu ba. Amma kada kowa ya ce maka sanda ita kaɗai ta wadatar. A ce an auna sandar ta ba da om 20, wanda ba laifi. Raba 230 da 20, amfiya 11.5 ke nan za ta bi ƙasa in layi ya taɓa jiki. Ko bireka mai 16 ba za ta faɗi ba, jikin injin zai zauna da wuta. Abin da ke cike wannan shi ne bireka mai jin yoyon wuta, wadda za ka ga an rubuta wa RCCB ko RCD. Tana auna abin da ya fita ta layuka da abin da ya dawo, in an sami giɓi ta san ya bi wata hanya, ta yanke cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Mai miliamfiya 300 gobara take tarewa, ba ta isa ta ceci mutum ba. A injin da mutum ke riƙe da shi yini guda, wani lokacin ma da jiƙaƙƙen hannu in markaɗe ake yi, mai 30 nake sawa, mai ƙafa huɗu, ita kaɗai a kan layin wannan injin. In tana yawan faɗuwa, yoyo ne ake da shi, a neme shi, kada a cire ta. A riƙa danna maɓallin gwajinta duk wata. A kuma tabbata an haɗa nutural ɗin janareto da ƙasa, in ba haka ba tana iya ƙin aiki duk lokacin da kuke kan janareto.

Wajen saye ka yi hattara, don kayan nan akwai na gaske akwai jabu, a Alaba da ko'ina, kuma jabun har sunan Schneider ko ABB ko Siemens yake ɗauka. Na kamfani mai sauƙin kuɗi amma na asali ya fi jabun babban suna nesa ba kusa ba, don jabun obalod bai san lambar da aka saita shi a kai ba. Ka saya wurin dila da zai ba ka rasit, ka kuma ba wa mai takardar shaidar aiki haɗin. Hukumar NEMSA ce ke tantance masu wayarin a ƙasar nan. Ka sa ya ɗora mitar amfiya a murfin fanel ya ja jan layi a kan 15, yaron ya san in allura ta haura sai ya sassauta zuba hatsi.

Moton da aka yi wa riwayin sau biyu kuma sai an sa masa ido. In da wutar itace ko ta gas aka ƙona tsohon naɗin don a zare shi, zafin yana lalata rufin da ke tsakanin siraran faifan ƙarfen ciki, moton ya dawo yana zafi ko babu kaya. Wasu kuma sukan rage kaurin waya ko yawan zagaye. Kafin ka biya, a auna shi da mega a gabanka, a tada shi babu bel, a auna layukan uku. Su zo kusan daidai da juna, kuma kowanne wajen kashi ɗaya cikin uku na lambar farantin, in ya yi yawa bai kai rabi ba. In yana jan 10 ko 11 babu kaya, ko ya yi zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kai cikin rabin awa, kada ka ƙara zuba kuɗi a kansa, ka nemi wani moton.